Aikin notari a Najeriya: Hanyar kai wa ga muƙamin da amfaninsa ga Hausawan Fatakwal, Anacha da Inugu

Notari lauya ne wanda Alƙalin Alƙalan Najeriya ya naɗa, ya ba shi ikon rantsar da mutane, da shaida sa hannu a kan takardu, da tabbatar da cewa kwafi ya yi daidai da takardar asali, domin kotuna da bankuna da ofisoshin jakadanci, a gida da waje, su karɓi takardar da natsuwa. A allunan ofisoshin lauyoyi akan ga an rubuta Notary Public a ƙarƙashin sunan mai ofishin. Duk wanda aka naɗa notari lauya ne, amma ba kowane lauya ne notari ba, kuma rashin sanin wannan bambanci ya sha jawo wa mutane asarar kuɗi da lokaci, wani zubin har da faɗuwa a shari'a.

Amana da takarda

Hausawa sun daɗe da zama a manyan biranen Kudu maso Gabas da Kudu maso Kudu. Anacha tsohuwar tashar ciniki ce a bakin kogin Kwara, kuma gadar da aka kammala a 1965 ta ƙara mata yawan baƙi da kaya. Inugu ta bunƙasa ne bayan gano kwal a yankin Udi a 1909, Fatakwal kuma an kafa ta domin fitar da wannan kwal ta teku, inda layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916. Da layin ya sadu da Arewa, fatake suka bi shi da shanu da hatsi. Zaman ya yi ƙarfi har Malam Umaru Altine, falken shanu ɗan asalin Sifawa ta ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

A yau ana samun Hausawa a Gariki ta Awkunanaw a Inugu, da kasuwannin bakin gada da na kayan abinci a Anacha, da kasuwar shanu ta Amansea kusa da Awka, da Diobu da Oyigbo da kewayen tashar jiragen ruwa ta Onne a Jihar Ribas. Suna kawo shanu da awaki da albasa da tumatir da wake, su koma da manja da kayan gyaran motoci da yadi. Akwai kuma 'yan canji da direbobin manyan motoci.

Ginshiƙin wannan ciniki shi ne amana. Falke yakan sauka wurin mai masauki, dillali ya sayar masa da kaya bashi, mai masaukin ya tsaya masa har kuɗi su fito. In an samu saɓani, a tafi gaban Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa ko liman. Tsarin ya yi shekaru aru-aru yana aiki, amma ƙarfinsa yana tsayawa ne a inda aka san juna. Banki bai san mai masauki ba, ofishin jakadanci bai san Sarkin Hausawa ba, kuma babu kotun shari'ar Musulunci a jihohin Ribas da Anambra da Inugu. Idan magana ta kai ga hukuma, takarda ake tambaya. Haka nan a lokutan tarzoma, kamar wadda ta auku a Anacha a watan Fabrairun 2006, mutane sukan bar gari cikin gaggawa, su bar shago da kaya da bashi a hannun jama'a. A irin wannan hali, wanda ya rubuta yarjejeniyarsa kuma aka shaida ta bisa doka ya fi wanda ya dogara ga baki kawai samun madafa.

Asalin aikin

Kalmar notari ta samo asali ne daga Latin. A tsohuwar daular Rum, sunan marubuci ne mai ɗaukar magana da gajerun alamomi. Daga baya a Turai aikin ya zama na amintaccen mutum da ke rubuta yarjejeniya ya shaida ta. A Ingila, tun daga 1533 ikon naɗa notari ya koma ƙarƙashin ofishin Babban Limamin Cocin Kantabari, kuma har yanzu wannan ofishi ne ke naɗa su a can. Ta hannun Turawan Ingila ne tsarin ya shigo Najeriya.

Sai dai manufar ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da a rubuta bashi, a sami marubuci adali, a kafa shaidu. Malaman mazhabar Malikiyya sun gina fanni sukutum a kan rubuta wasiƙoƙin yarjejeniya, kuma malami Alwansharisi, wanda ya rasu a Fas a 1508, ya yi littafi musamman a kan ladubban mai wannan aiki. A Maroko har yau akwai jami'an da ake kira adulai, waɗanda ke rubuta takardun aure da gado da ciniki a ƙarƙashin kulawar alƙali.

Dokar da ke tafiyar da aikin

Dokar Notari ta farko a Najeriya an yi ta ne a 1936, ta kuma yi aiki kusan shekara 87. A 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta soke tsohuwar. Sabuwar ta bar ikon naɗi a hannun Alƙalin Alƙalan Najeriya, muƙamin da Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ta hau a 2024. Doka tana ɗaukar notari a matsayin jami'in Kotun Ƙoli, kuma Babban Magatakardan kotun ne ke riƙe da rajistar sunayensu. Saboda naɗin na tarayya ne, hatimin notarin Kano yana aiki a Fatakwal, na Inugu ma yana aiki a Sakkwato.

Babban sauyin da dokar 2023 ta kawo shi ne amincewa da shaida takardu ta na'ura. Notarin da ya yi rajistar wannan aiki a Kotun Ƙoli zai iya ganawa da mutum ta bidiyo kai tsaye, ya tantance shi, ya sa hannu da hatimi na lantarki. A shekarar ce kuma aka yi wa Dokar Shaida kwaskwarima domin ta karɓi rantsuwar da aka yi ta wannan hanya. Ga falken da kayansa ke Onne alhali shi yana Gusau, wannan na iya rage masa tafiyar yini da kwana.

Tsohuwar dokar ta kuma ɗauki alƙalan majistare a matsayin notari saboda kujerarsu, ta ba shugabannin kwastan na tashoshin jiragen ruwa irin wannan iko a kan rahoton matuƙan jirage kaɗai, a inda babu notarin da aka naɗa. Wannan ya nuna yadda aikin yake da alaƙa da tashoshin ruwa irin Fatakwal tun farko.

Matakan zama notari

Babu makarantar notari ta musamman a Najeriya. Horon da ake buƙata shi ne na aikin lauya, sannan gogewar shekaru.

Mataki na farko shi ne digirin shari'a daga jami'ar da aka amince da ita, wanda ke ɗaukar shekara 5 ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Ana neman kiredit a Turanci da adabin Turanci. Jami'ar Najeriya tana da tsangayar shari'a a reshenta na Inugu, wadda ke cikin mafi daɗewa a ƙasar. Akwai Jami'ar Jihar Ribas a Fatakwal da Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Awka. A Arewa kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato suna koyar da dokar ƙasa tare da shari'ar Musulunci, abin da ke da amfani ga wanda zai yi wa al'ummar Musulmi hidima.

Mataki na biyu shi ne Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa bisa dokar 1962, ta fara karatu a Legas a 1963. Hedikwatarta yanzu tana Bwari a Abuja, tana kuma da rassa a Legas da Bagauda ta Kano da Yola da Yenagoa da Agbani kusa da Inugu, sai na Fatakwal da aka buɗe a 2022. Karatun kusan shekara guda ne, ya ƙunshi zaman koyon aiki a kotu da a ofishin lauya. A nan ake koyon tsara takardar rantsuwa da ta wakilci da ta cinikin fili, waɗanda su ne abincin yau da kullum na notari.

Mataki na uku shi ne rantsarwa. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe, majalisar manyan alƙalai da lauyoyi ta ƙasa za ta shigar da shi aikin, sannan ya sa sunansa a kundin lauyoyi da ke Kotun Ƙoli.

Mataki na huɗu shi ne gogewa. Bisa ƙa'idar da Kotun Ƙoli ke bi, mai nema sai ya yi aƙalla shekara 7 yana aikin lauya, ya kuma nuna shaidar biyan kuɗin lasisin aiki na kowace shekara. Ana biyan kuɗin ne kafin ƙarshen watan Maris, don haka lauyan da ke sakaci da shi a farkon aikinsa yana toshe wa kansa hanya ne tun da wuri.

Mataki na biyar shi ne neman naɗi. Lauya zai rubuta wa Alƙalin Alƙalan Najeriya ta ofishin Babban Magatakarda, ya haɗa da takardar shigarsa aikin lauya da rasitan biyan kuɗi da sauran bayanansa. Akan tuntuɓi Babban Jojin jihar da yake aiki domin jin halinsa, tun da sharaɗin doka shi ne ya kasance mutumin da ya cancanta kuma ya dace. Lauyan da ke aiki a Anacha, alal misali, Babban Jojin Anambra ne zai yi magana a kansa, ko da shi ɗan asalin Katsina ne. In an amince, zai yi rantsuwar kama aiki, a shigar da sunansa cikin rajista, a ba shi takardar shaida, sannan ya mallaki hatimi.

Idan aka haɗa lissafi, daga shiga jami'a zuwa samun hatimi ba ya kasa shekara 13. Kuma muƙamin ba na dindindin ba ne ga wanda ya ci amanarsa: ana iya dakatar da notari ko a soke sunansa, sannan wanda aka kora daga aikin lauya ba ya ci gaba da zama notari. Yin aikin ba tare da naɗi ba laifi ne a doka.

Ayyukan notari

Aikin da aka fi kawo wa notari shi ne takardar rantsuwa, kamar ta canjin suna ko ta ɓatan takarda ko ta ɗaukar nauyin ɗalibi. Dokar Rantsuwa ta 1963 ta tanadi Musulmi ya rantse da Alƙur'ani, Kirista da Baibul, wanda kuma ba ya son rantsuwa ya yi furucin tabbatar da gaskiyar maganarsa. Kwamishinan rantsuwa da ke rajistar kotu shi ma yana yin wannan aiki, kuma ga takardun cikin gida sau da yawa ya wadatar. Idan takardar za ta ƙetare iyaka, hatimin notari aka fi nema.

Na biyu shi ne takardar wakilci, wato mutum ya ba wani iko ya karɓar masa bashi ko haya, ko ya fitar masa da kaya. Sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce kotu za ta ɗauka cewa takardar wakilcin da aka sa wa hannu a gaban notari an yi ta yadda ta nuna, har sai an kawo hujjar akasin haka. Wannan ne ya sa take da nauyi.

Na uku shi ne tabbatar da kwafin takardu, irin su fasfo da takardun makaranta da na kamfani. Na huɗu, ayyukan cinikin ƙasa da ƙasa: rubuta shaidar cewa an ƙi biyan takardar bashi ta ƙasar waje, da ɗaukar rahoton matuƙin jirgin ruwa idan guguwa ko haɗari ya taɓa kaya a teku, rahoton da kamfanonin inshora ke dubawa.

A kowane hali, wajibin notari ne ya tabbatar da wane ne ke gabansa ta hanyar katin shaida ko fasfo, ya tabbatar yana cikin hankalinsa, ya fahimci abin da ke cikin takardar, kuma ba tilasta masa aka yi ba.

Iyakar hatimi

Hatimin notari yana shaida cewa wane ya sa hannu ko ya yi rantsuwa a rana kaza. Ba ya mayar da ƙarya gaskiya. Wanda ya rantse a kan ƙarya shi ke ɗauke da alhakin, kuma kundin laifuffuka da ake aiki da shi a Kudu ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14 ga shaidar zur a gaban shari'a.

Hatimi ba ya mallaka wa mutum fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar da filin birni mai takardar mallaka, sannan a yi wa cinikin rajista. A shari'ar Ude da Nwara, wadda ta taso a kan wani gida a Fatakwal, Kotun Ƙoli ta bayyana a 1993 cewa takardar wakilci ba da iko ce kawai, ba ita ce ke canza mallaka ba. Duk da haka har yau akwai masu sayen gida ko shago su riƙe takardar wakilci mai jan hatimi suna zaton sun gama. Haka kuma notari ba ya ba da takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Wannan aikin kotu ne.

Akwai kuma sharaɗin rashin son kai. Notari ba ya aiki a kan al'amarin da yake da hannu a ciki, kuma sashe na 112 na Dokar Shaida ya hana kotu karɓar rantsuwar da mutum ya yi a gaban lauyansa ko abokin aikin lauyan ko akawunsa. Misali mafi shahara shi ne ƙarar da Janar Muhammadu Buhari ya shigar a kan zaɓen shugaban ƙasa na 2007. Kotu ta yi watsi da galibin rubutattun bayanan shaidunsa saboda an rantsar da su a gaban notarin da ke cikin lauyoyin mai ƙara, kuma a watan Disambar 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen Umaru Musa 'Yar'aduwa. Idan irin wannan kuskure ya iya raunana ƙarar neman shugabancin ƙasa, ba abin mamaki ba ne ya rusa ƙarar shago ko ta bashin shanu.

Ga takardun da za a kai ƙasashen waje, hatimin notari matakin farko ne kawai. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1961 wadda ta sauƙaƙa amincewa da takardu tsakanin ƙasashe, don haka akan kai takarda Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je. Takardun karatu sukan fara bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya.

Batun harshe

Ana rubuta takardun doka da Turanci, alhali da yawa daga cikin 'yan kasuwar zango da Hausa suke magana, karatunsu kuma na allo ne da ajami. Sashe na 119 na Dokar Shaida ya tanadi cewa idan mai rantsuwa bai iya karatu ba ko makaho ne, sai a rubuta hakan a ƙarshen takardar, a kuma nuna cewa an karanta masa ko an fassara masa da harshensa, kuma ya fahimta. Tafinta ma akan rubuta sunansa, ya sa hannu. Dangwala yatsa a kan takardar da ba a fassara ba ƙofar rigima ce.

Wannan ne ya sa samun notari mai jin Hausa a Fatakwal da Anacha da Inugu yake da muhimmanci. Yaran da aka haifa a unguwannin Hausawa na waɗannan birane sukan tashi da Hausa da Turanci da Ibo ko Turancin kasuwa. Wanda ya karanci shari'a a cikinsu, ya tsare sunansa har ya samu hatimi, zai iya tsayawa tsakanin mai shanu daga Maigatari da mahauci ɗan Anambra, kowa ya ji abin da ya sa wa hannu da harshensa.

Bambanci da wasu ƙasashe

Sunan ɗaya ne, amma aikin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka notari ba sai lauya ba: jihohi ne ke ba da izini na 'yan shekaru, wasu bayan gajeren kwas ko jarrabawa, kuma aikinsa bai wuce shaida sa hannu da rantsarwa ba. A Nijar da Kamaru da Benin, masu bin tsarin Faransa, notari jami'i ne mai ofishi na kansa, wanda ke tsara takardun cinikin gida da na gado da na kamfani, ya adana asalinsu, kuma takardarsa tana da ƙarfin hujja sosai. Falken Maraɗi ko Damagaram da ya saba da wannan tsari bai kamata ya zaci hatimin notarin Najeriya yana ɗauke da duk wannan nauyi ba.

Abin lura ga mai neman hidima

Mai zuwa wurin notari ya tafi da takardar asali da katin shaida, kada ya sa hannu sai a gabansa. Ya tambayi wanda ya nemi takardar ko hatimin notari ake so ko na kwamishinan rantsuwa. Ya guji 'yan tsakani da ke yawo a harabar kotu suna karɓar takarda su dawo da ita da hatimi ba tare da mai ita ya ga kowa ba. In yana shakkar wani, ya tuntuɓi reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, da ke garin, ko ofishin Babban Magatakardan Kotun Ƙoli inda rajista take. Ya karɓi rasit, ya kuma ajiye kwafin takardar a wani wuri dabam da shagonsa, ko ya aika da shi gida.